Surukina Mai Gwada Tafintan Kwamfuta

Tun yarinyata tana goye nake tsoron ba ta ji sosai. Ba wani abu ne ya faru ba. Ba ta yi zazzaɓi mai zafi ba, ba ta faɗo daga kan gado ba, kunnenta bai taɓa zubar da ruwa ba. Ni dai na lura in na shigo ɗaki ta bayanta, sai inuwata ta faɗa jikin bango take juyowa. Na riƙe abin a cikina, saboda 'yar fari ce, kuma a gidan surukai nake zaune, a Toranke. Macen da ta san kanta ko sunan 'yar fari ba ta faɗa, balle ta riƙa bin mutane tana cewa a duba mata ita.

Mutum ɗaya ne a gidan nan ya ɗauki tsorona da nauyinsa, kuma shi ne Allah ya karɓa bayan an gama cirar gyaɗa. Mahaifin maigidana ne. Ban taɓa faɗin sunansa ba yana raye, ba zan fara yanzu ba. Baba muke ce masa. Wanda ya ba mu aronsa ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa.

A zaman makoki kowa da Baban da ya sani. Matan da suka zo daga Ajingi manomi suka sani, mai tsayar da mai sayar da iri a tsakiyar kasuwa yana tambayarsa, "A gonar wa ka gwada? Jigawa ce ko fadama?" Wata tsohuwar maƙwabciyarmu tana share hawaye ta ce, "Mutumin da ya sayi fitila ya ce shi sai an kunna masa ita a waje cikin iska. Mai kanti ya ce ga ta nan tana ci, ya ce ai ba a kantinka zan riƙa zuwa masallaci ba." Aka yi dariya, aka koma kuka.

Ranar addu'ar uku wata mota ta zo daga Kano da tsofaffi masu tabarau. Ɗaya daga cikinsu, mai dogara sanda, ya nemi a shigo da shi ya yi wa Inna, matar Baba, gaisuwa. Ya tsaya a bakin rumfa ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Baban bolarmu ya tafi."

Inna ta gyara mayafi. "Baban me?"

"Yi haƙuri, sunan da muka sa masa ne a wurin aiki. Ba raini ba ne, wallahi."

Ina gefen murhu ina kwashe tuwon baƙi, duk na ji abin da ya faɗa. Karatuna bai wuce firamare ba, amma zan rubuta yadda na gane, da abin da Auta, ƙanin maigidana mai karatun kwamfuta a jami'a, ya ƙara fayyace min.

Ashe kwamfuta ba ta jin yaren mutum. Masu rubuta mata umarni suna da nasu yaren da aka tsara, da dokokinsa a littafi. In sun rubuta, akwai wani tafinta a cikin injin da ke juya rubutun zuwa abin da injin ke ganewa. Kwamfaila ake ce masa. In tafintan ya juya ba daidai ba, kai ka ce a tara, inji ya ɗebe, kuma ba wanda zai sani sai ɓarna ta fito. Aikin Baba a ƙuruciyarsa, a Legas da wata ƙasa mai sanyi, shi ne yi wa tafintan jarrabawa kafin a ba shi takardar shaida a sayar wa mutane.

Tsohon ya ce jarrabawar tuli ce ta ƙananan rubuce-rubuce, kowanne gajere, tsaf-tsaf, yana gwada doka ɗaya tak. Tafinta ya cinye su duka, a buga masa hatimi. To amma mutanen da ke aiki a banki da ofisoshi ba haka suke rubutu ba. Nasu dogo ne, a cukurkuɗe, wannan ya fara, ya bar aiki, wancan ya ɗora, an cusa doka cikin doka cikin wata dokar. Jarrabawa tana can tana bin lungunan littafi da ba mai shiga, hanyar da kowa ke bi kullum kuwa an taɓa ta sama-sama. Sai tafinta mai hatimi ya je hannun mutane ya shaƙe.

"Shi ne mijinki ya riƙa bin tebur-tebur," in ji tsohon, "yana roƙon mutane su ba shi tsofaffin rubutunsu. Wanda suke jin kunyar nunawa, shi yake so. Har kwandon shara yake leƙawa. Manya suka ce aikinsa littafi ne, ba bola ba. Ya ce in an sayar da tafintan, littafi ne zai yi amfani da shi ko mutane?"

Inna ta ce, "Shi ne. Haka ya yi min da sabon murhun gawayi. Sai da ya sa na dafa wake a kai kafin ya yarda."

Ni da na zo gidan ban tarar da wannan Baban na ofis ba. Ya daɗe da dawowa, tun rasuwar mahaifinsa, ya karɓi gonar gidan. Wanda na tarar dogon tsoho ne mai ciwon gwiwa, mai murya kamar daga cikin rijiya. Ba ya cin tuwo da zafi, sai ya buɗe kwano ya zauna yana kallonsa. Rediyonsa kullum tana rataye a ƙusar rumfa, in an faɗi wani abu da bai gamsu ba sai ya amsa mata, "A ina kuka gwada?" Tsakanina da shi gaisuwa ce daga durƙushe, idona a ƙasa. In yana son ya yaba miyata, Inna yake gaya wa da ƙarfi yadda zan ji daga madafa: "'Yar Gayan nan ta fi ki hannu, sai dai ki yi haƙuri." Inna ta ce, "To ka koma Gayan mana, wa ya riƙe ka?"

Jikarsa kuwa, yarinyata, mutuniyarsa ce. In ya dawo daga gona ita ce mai cire masa hula ta sa a kanta. Yana ce mata, "Mutuniyata, yau ma ba ki dafa min komai ba? Zan kai ƙararki." Ita sai dariya. Ta shiga shekara ta uku ba ta haɗa kalma biyu ba.

Na taɓa gwada neman taimako. Da na je ganin gida Gaya, na gaya wa mahaifiyata, ta raka ni wani ƙaramin asibiti. Malamin asibitin ƙato ne, mai kirki. Ya rufe ƙofa, ɗaki ya yi tsit, ya zaunar da ita a gabansa. Ya tafa hannu ta dama, ta juya. Ya tafa ta hagu, ta juya. Ya kira ta, ta dube shi. Ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Wasu yaran nauyin baki gare su."

Na dawo na gaya wa maigidana. Acaɓa yake yi tsakanin Ajingi da Gaya, yana dawowa a gajiye. Ya ce, "To alhamdu lillahi. An gwada, an ce lafiya. Me kuma kike so?" Inna ma da ta ji ta ce, "Ubanta sai da ya yi wayo ya fara magana, ga shi yanzu ba ya shiru. Ki daina sa wa yarinya ido haka, mutane za su ce ba ki da kunya." Ba mugunta suka yi min ba. Ni ma so nake na yarda. Sai dai in na ce "ke" daga bayanta, bayan nan nata ko motsi.

Ana nan Auta ya zo hutu. Wata rana da hantsi ina ɓarar gyaɗa a bayan zana, shi da Baba suna rumfa, ya buɗe kwamfutarsa yana nuna masa aikinsa na makaranta. Ɗan ƙaramin tafinta ya haɗa, wanda yara za su rubuta wa umarni da kalmomin Hausa.

"Baba, duba. Duk gwajin ya ci, babu faɗuwa ko ɗaya."

"Madalla. Wa ya rubuta tafintan?"

"Ni mana."

"Wa ya rubuta gwajin?"

"Ni."

"To ai gaishe da kanka ka yi, ka amsa lafiya lau."

Na toshe bakina da gefen zane. Auta bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, naku zamanin daban. Yanzu inji ne ke ƙirƙiro gwaji da kansa, kala-kala, irin abin da mutum ba zai taɓa tunaninsa ba."

"Na ji labari, kuma abu ne mai kyau, yana tono kurakurai. Amma ni tambayata a kan abin da mutum zai rubuta ne. Mutum gajiyayye, bayan la'asar, yana sauri, ya kwafo rabi daga wurin abokinsa bai ma gane shi ba. Ka ba tafintanka irin wannan?"

"In haka ne ai gwajin duk banza ne. A zubar da shi kawai."

A zamana a gidan nan, ranar ce kaɗai na ji Baba ya ɗaga murya. "Kai! Kada ka ƙara faɗin haka a gabana. Ƙuruciyata a kan gwajin nan ta ƙare. Ba don shi ba kowane kamfani tafintansa yarensa zai yi, abin da ya yi aiki a Kano ya ƙi yi a Kaduna. Gwaji yana gaya maka tafinta ya san doka. Bai gaya maka ya san mutane ba. Sai ka fita da shi waje ka gani."

Auta ya rufe kwamfuta ya fice. Har ya koma makaranta bai ƙara sa hannu a kwanon Baba ba, Inna tana ta faɗa wai tsoho da yaro sun zama ɗaya. Daga baya ne ya bugo waya, Baba ya sa ta a fili don kunnensa. Auta ya ce ya ba wasu 'yan sakandare tafintan sun gwada, kafin a tashi aji tafintan ya tsaya cak. Na zaci Baba zai ce ai na gaya maka. Cewa ya yi, "Alhamdu lillahi, ka yi arziki. Tattaro duk abin da suka rubuta, kada ka gyara musu komai, ka zuba a cikin gwajinka. Ka ci abinci kuwa?"

Ni kuwa tun ranar faɗan maganar ta zauna min. Ɗakin asibitin nan tsit yake. Gidanmu yaushe ya taɓa yin tsit? Ga injin niƙan maƙwabta, ga turmi, ga awaki, ga rediyo. Kuma a gidanmu ba wanda ke yi wa yarinya magana da tafi. Amma ta yaya zan gaya masa? Suruki ne. Yarinyar kuma 'yar fari. Na shirya maganar a bakina ya fi a ƙirga, in na durƙusa gabansa sai "ina wuni" kawai ta fito.

Wata rana da azahar na kawo masa ruwa. Ya buɗe tuwo yana jira ya huce, Inna tana sheƙar gero a gefe, injin maƙwabta yana ta ruri. Yarinyar tana zaune a bakin tabarmarsa, ta ba ni baya, tana wasa da ɓawon gyaɗa. Na ajiye kofi. Maimakon na juya, sai na miƙe tsaye na kira sunanta. Sunanta na yanka, wanda tun ranar suna bai fito daga bakina ba.

Inna ta saki faifai. "Ke! Lafiyarki kuwa? A gaban babanku?"

Yarinya ba ta juyo ba.

Baba ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, "Bar ta. 'Yata, sake kira. Kada ki ɗaga murya, yadda kike magana kullum."

Na sake. Tana ta jera ɓawonta.

Sai shi ya ce, "Mutuniyata." Nan take ta waiwaya tana dariya.

Inna ta ce, "To ka gani. Tana ji sarai."

"Ni take ji," in ji Baba. "Uwarta fa?"

Ranar ce ya fara yi min tambaya kai tsaye. Wanda ya gwada ta a asibiti, namiji ne ko mace? Muryarsa babba ce? Tana kallon fuskarsa? Ƙofa a rufe take? Da ya tafa, hannunsa ya gifta ta gefen idonta? Ina amsawa ina kallon yatsun ƙafata. Da na gama ya ce, "Bai yi miki ƙarya ba. Abin da ya gwada, ta ci. Abin da bai gwada ba ne ya yi yawa." Ya mayar da murfin kwano, ranar tuwon bai ciwu ba.

Daga nan Baba ya sami aiki. Duk inda za shi tana saɓe a kafaɗarsa, duk da ciwon gwiwar tasa. Ranar kasuwar Ajingi ya tafi da ita, maigidana ya ɗauke su a babur, shi ya dawo yana ba da labari rai a ɓace. Wai Baba ya riƙa tsayar da mata masu sayar da daddawa da kuka yana cewa su zagaya bayanta su kira ta. Wata ta ce, "Alhaji, jikar ka kawo talla ne?" Ya ce, "Ba ki da kuɗinta. Kira dai." A gida kuma ya sa a daka turmi, ya sa a saki 'yan tsaki a bayanta, ya sa waya ta yi ƙara a ƙarƙashin tabarma. Bai rubuta komai ba, kallo kawai yake. A ƙarshe ya gaya wa Inna, ina ji: turmi, babur, kiran salla da muryar maza, duk tana ji. Kukan 'yan tsaki, ƙarar waya da muryar mata in akwai hayaniya, ba sa isa gare ta. Ya ce sai Kano.

Maigidana ya ƙi. Ba rowa ba ce, tsoro ne. Ya ce, "Baba, yanzu gari ya ɗauka. In muka je aka maƙala mata wani abu a kunne, shi ke nan, kurma za a riƙa ce mata har ta girma."

Baba ya ce, "Kai sunan da za a kira ta kake tsoro. Ita ko nata sunan ba ta ji a bakin uwarta. Je ka nemo mana wuri a motar safe."

A bas ɗin Ajingi shi ya zauna gaba da ita a cinya, yana nuna mata shanu. A babban asibiti likitar mace ce. Baba ya jera mata abin da yarinya ke ji da wanda ba ta ji, da inda aka gwada kowanne. Ta ajiye biro ta ce, "Baba, da can aikin asibiti ka yi?" Ya ce, "A'a, bola na yi." Ta yi dariya, ni ban gane ba sai ranar da tsohon nan mai sanda ya zo gaisuwa. Suka sa mata wayoyi a kai, suka auna da na'ura. Abin da Baba ya faɗa shi ya fito: siririn sauti ba ya shiga, kunne biyun duka.

Da muka koma aka maƙala mata ɗan abin ƙara ji a kunne, likita ta yi mata magana a hankali, ta juyo. Maigidana har da hamdala da ƙarfi. Baba ya ce, "Mun gode, likita. Sauran gwajin sai mun je gida." Muna isa, ko ruwa bai sha ba, ya aika a ce wa maƙwabta su tayar da inji, ya kunna rediyo, ya ce Inna ta ɗauki taɓarya. Ya zaunar da yarinya ta ba ni baya, ya ce, "Bismilla, 'yata."

Na kira. Ta juyo, tana neman inda muryar ta fito, har idonta ya sauka a kaina.

Ɗaki na shige, don kada na yi kuka a gaban suruki. Daga ciki na ji yana ce wa Inna, "Kunyar nan na ɗauke mata. Daga yau ta kira 'yarta da suna, a gabana, a gaban kowa. Wanda ya ga rashin kunya ya zo ya same ni." Inna ta ce, "Ni na ce wani abu?" Washegari ita da kanta ta ɗinka wa abin 'yar jaka don kada ya ɓata in an cire za a yi wanka.

Likitar ta gaya mana abin kunne shi kaɗai ba ya koya magana. Yarinya ta yi shekarun da ake tsintar kalmomi ba ta ji, sai an sami wanda ya iya koyar da irinsu ya riƙa zama da ita a kai a kai, kuma tun tana ƙarama, in an daɗe abin yana wuya. Baba ya ce wannan nasa ne. Ya fara cigiya, duk malamin makarantar da ya gani a masallaci ko wurin ɗaurin aure sai ya tare shi. Wani ya kawo masa labarin wata mai koyarwa, Baba ya shirya zai je ya ga yadda take yi da yaran da idonsa, ya ce shi takardarta ba ta dame shi ba. Kafin ya je aka shiga cirar gyaɗa. Ya dawo daga gona wata rana yana riƙe da ƙirji, ya kwanta, bai ƙara fita ba. Ba wanda ya san sunan matar ko garinsu. Maigidana ya bi duk wanda yake zato ya tambaya, har yau bai dace ba.

Rana ta ƙarshe da na kai masa kunu, na durƙusa a bakin ƙofa, ya ce, "'Yar Gaya, kin yi daidai da kika kira ta. Kada ki bari a ce miki ya isa." Da safe ya cika, Inna tana riƙe da hannunsa.

Yarinyar yanzu tana cewa "Inna", tana cewa "ruwa", sauran duk da hannu take nunawa. In ta ga hularsa a rataye sai ta tsaya a ƙasanta ta miƙa hannu. Ga ni da sabon goyo, Kano ba ta zuwuwa kowane mako.

Ku yi wa Baba addu'a, Allah ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa, ya saka masa da abin da ya yi wa yarinyar da ba ta iya ce masa na gode ba. Sannan ina roƙon duk wanda ya karanta wannan: in kun san mai koya wa yara masu ƙarancin ji magana, mace ko namiji, a Gaya ko Ajingi ko wani gari da babur zai je ya dawo a wuni, ku taimaka ku aiko. Ku tambayi gidan da aka yi rasuwa a Toranke bayan cirar gyaɗa, kowa zai nuna muku.